Tankar Yaƙi da Albashin Malama: Yadda Wani Ƙauye a Italiya Ya Gina Makarantar Ƙananan Yara, Ya Kuma Riƙe Ta

Wannan nazari ya shafi wani ƙaramin ƙauye ne na manoma da 'yan ƙodago a arewacin Italiya mai suna Villa Cella, wanda ke bakin tsohuwar hanyar da ta haɗa birnin Reggio Emilia da birnin Parma, ƙasa da kilomita goma daga Reggio, kuma a ƙarƙashin hukumar wannan birni yake. Matsalar da mutanensa suka yi fama da ita ita ce ta yaran da aka yaye amma ba su isa shiga firamare ba, wato 'yan shekara 3 zuwa 6: ina za su wuni idan iyayensu mata sun fita neman abinci, wa zai kula da su, me za a koya musu, kuma daga aljihun wa kuɗin zai fito. An fara neman mafita a shekarar 1945, ba a kuma samu tabbatacciya ba sai 1967.

Ƙauyen da mutanensa kafin 1945

Yankin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai albarka a kudancin Kogin Po, inda ake noman alkama da inabi, ana kuma kiwon shanun da ake yin cuku da madararsu. Sai dai albarkar ƙasar ba ta isa ga yawancin masu nomanta. Kaso mai yawa na manoman suna noman kashi-mu-raba ne, wato mai gona ya ba da ƙasa da gidan zama, manomi da iyalinsa su ba da ƙarfinsu, idan an girbe a raba amfanin biyu. A ƙasa da waɗannan kuma akwai 'yan ƙodago waɗanda ba su da ko taƙi ɗaya, sai dai a ɗauke su aikin yini. A gidajen duka biyun mace ma'aikaciya ce cikakkiya. Tana gona tana turke, kuma da yawa daga matan wannan yanki sukan bar gida na kimanin kwana 40 a kowace shekara, su tafi gonakin shinkafa na yankunan Piemonte da Lombardiya, inda suke wuni tsaye cikin ruwa suna cirar ciyawa. Yaro ɗan shekara huɗu kuwa sai a bar shi wajen kakarsa idan tana da sauran ƙarfi, ko a hannun yayarsa wadda ita ma ba ta wuce a kula da ita ba.

Gwamnatin Italiya a wancan zamani ba ta da makarantun ƙananan yara na kanta. Karatun dole yana farawa ne daga shekara 6, abin da ke ƙasa da haka kuwa an bar shi ga Cocin Katolika da ƙungiyoyin jinƙai, kuma mata masu zuhudu ne suke gudanar da mafi yawan wuraren. Ana kallon irin waɗannan wurare a matsayin sadaka ga talakawa, wurin ajiyar yara da koya musu addu'a da ladabi, ba a matsayin haƙƙin kowane yaro ba.

Akwai kuma wani gado da mutanen Reggio suka taso da shi, wanda ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai da shi. Tun ƙarshen ƙarni na 19, a ƙarƙashin jagorancin ɗan gurguzu Camillo Prampolini, talakawan lardin suka saba da ƙungiyoyin gama-kai na saye da sayarwa da na aikin gini. A 1893 aka buɗe gidan taron jama'a a ƙauyen Massenzatico, wanda ake ɗauka shi ne irinsa na farko a Italiya. Da Mussolini ya hau mulki a 1922, 'yan Fasist, wato mabiyansa, suka ƙona wasu daga cikin waɗannan ƙungiyoyi, suka ƙwace wasu. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, daga watan Satumban 1943 sojojin Jamus suka mamaye arewacin ƙasar, mutanen lardin kuma suka shiga yaƙin sari-ka-noƙe da ƙarfinsu. A ranar 28 ga Disamba 1943 aka harbe 'yan'uwa bakwai 'yan gida ɗaya, 'ya'yan wani manomi mai suna Alcide Cervi, a cikin birnin Reggio, sannan a watan Janairun 1944 jiragen ƙasashen ƙawance masu yaƙi da Jamus suka yi wa birnin ruwan bama-bamai saboda babbar masana'antar Reggiane da ke ƙera jiragen yaƙi.

Afrilu da Mayu 1945: kuɗin farko da gardamar farko

A ƙarshen watan Afrilun 1945 rundunar Jamus ta karye, sojojinta suka nufi arewa a guje. Da yake an riga an rusa gadojin Kogin Po, sai suka riƙa watsar da kayan da ba za su iya tsallakawa da su ba, har da dawakan da suke jan kaya da su saboda ƙarancin man fetur. Abin da ya faɗo wa wannan ƙauye shi ne tankar yaƙi ɗaya, dawakai shida da motocin ɗaukar kaya uku. An sayar da su, kuɗin ya zama na jama'a, sai kuma tambaya ta taso a kan abin da za a yi da shi.

Ra'ayi ya rabu biyu. Maza da yawa sun so a gina gidan wasa, inda jama'a za su riƙa taruwa suna kallo suna tattaunawa, abin da aka hana su yi cikin 'yanci na tsawon shekara ashirin. Ba ra'ayin banza ba ne, domin irin wannan gini yana iya riƙe kansa da kuɗin shiga. Mata kuwa suka dage a kan makarantar ƙananan yara, kuma hujjarsu biyu ce. Ta farko ta yau da gobe ce, wato suna buƙatar wurin da za su bar 'ya'yansu su fita aiki da kwanciyar hankali. Ta biyun ta fi zurfi: sun ga yadda aka tarbiyyantar da al'umma guda a kan bin umarni ba tambaya har aka kai ta ga halaka, suna kuma son 'ya'yansu su tashi da wata tarbiyya dabam tun suna ƙanana. Waɗannan mata ba sababbi ba ne a harkar tsari, domin da yawansu sun yi aikin kai saƙo da abinci da ɓoye mayaƙa a lokacin mamaya, kuma suna cikin Ƙungiyar Matan Italiya, wadda aka fi sani da UDI, da aka kafa a ƙarshen yaƙin. A lokacin ko ƙuri'a ba su taɓa jefawa ba, sai a 1946 matan Italiya suka fara zaɓe. Duk da haka ra'ayinsu ne ya rinjaya.

1945 zuwa 1947: ginin

Ba a jira izini ko taimakon kowace hukuma ba aka fara aiki, kwanaki kaɗan bayan ƙarewar yaƙin. Wani manomi ya ba da fili. Yashi aka ɗebo daga kogi. Jan bulo da katakan rufi kuwa daga gidajen da bama-bamai suka rusa aka tsinto su. Aikin ya zama na gayya, ana yin sa da yamma bayan an tashi daga gona da kuma ranakun Lahadi, birkiloli da kafintoci na ƙauyen suna jagora, sauran jama'a suna miƙo kaya.

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma ya faɗa hannun mata, shi ne gyaran tsohon bulo. Bulon da aka ciro daga kango yana zuwa ne da busasshen kwaɓin da aka gina shi da shi manne a jikinsa, kuma birkila ba zai iya ɗora shi a layi ba sai an kankare shi. Sai a zauna a ɗauki bulo ɗaya bayan ɗaya, a ɓamɓare abin da ya manne, a wanke, a ware mai lafiya daga fasasshe, a jera. A cikin wannan aiki ne wani matashin malamin makaranta ɗan shekara 25, Loris Malaguzzi, ya same su. Ya ji labari ne a cikin birni cewa wasu ƙauyawa suna gina makaranta da hannunsu, abin ya ba shi mamaki, ya hau kekensa ya je ya gani da idonsa. Da ya gaya musu shi malami ne, sai suka ce to ya zo ya yi aiki tare da su. Ya tambaye su inda za su sami kuɗin gudanar da makarantar bayan an gama ginin, suka ba shi amsar cewa sauran zai zo. Wannan tambaya tasa ita ce ta zama matsalar ƙauyen ta shekara ashirin masu zuwa.

Bisa labarin da Malaguzzi ya bayar daga baya, cikin wata takwas makarantar ta kafu. Ba ta fara aiki a hukumance ba dai sai 1947, kuma shekarun nan biyu sun yi muni ga duk wanda ya riƙe tsabar kuɗi a Italiya, domin farashin kaya ya yi ta hauhawa har zuwa ƙarshen 1947, lokacin da ministan kasafin kuɗi Luigi Einaudi ya taƙaita bashin da bankuna ke bayarwa ya tsayar da faɗuwar darajar lira, wato kuɗin ƙasar a lokacin. Mutanen ƙauyen sun kira wurin makarantar jama'a, daga baya kuma aka raɗa mata sunan ranar 25 ga Afrilu, ranar da Italiya ke bikin 'yantuwarta daga mulkin Fasist da mamayar Jamus.

1947 zuwa ƙarshen shekarun 1950: riƙo da karo-karo

Da aka buɗe ƙofa sai yanayin matsalar ya sauya. Gini abu ne da ake gani yana tashi, kowa yana iya nuna layin bulon da ya ɗora, kuma yana da ranar gamawa. Gudanar da makaranta kuwa ba shi da ranar gamawa. Kowane wata akwai albashin malama da na mai dafa abinci, kowace rana akwai abincin rana, kowane hunturu akwai itace ko gawayin ɗumama aji, a ƙasar da sanyi da hazo suke rufe ta na tsawon watanni. Kuɗin tanka ya riga ya shige cikin bango, kuma ba za a sake samun wata tankar ba.

Yaran da aka kawo su ma sun zo da nasu buƙatun da ba a yi lissafinsu ba. Da yawansu ba su da ƙoshin lafiya, yunwar shekarun yaƙi ta bar alama a jikinsu, saboda haka abincin rana ya zama ginshiƙin makarantar, ba ƙari ba. Sannan ba sa jin daidaitaccen Italiyanci, domin a gidajensu karin harshen yankin ake yi tun kaka da kakanni, alhali da daidaitaccen harshen za a karɓe su a firamare. Malaman kuwa 'yan mata ne masu himma, waɗanda aka horar a makarantun Coci ko masu zaman kansu, babu kayan koyarwa, babu tsarin da za su bi. Malaguzzi ya ce abin da suka gaya wa iyaye shi ne su ma za su riƙa koyo ne a kan hanya, daga wajen yaran.

Nauyin kuɗi ya faɗa kan matan UDI. Iyaye suna biyan ɗan abin da suka iya, wanda ba shi da kuɗi ya kawo abin da gonarsa ta ba shi, ana bi gida-gida ana karɓar gudummawa, ana shirya bukukuwa a zuba ribarsu a asusun makaranta, gyaran gini kuma a koma ga gayya. Wannan tsari yana da ƙarfi ta wani gefe, domin duk wanda ya sa hannu yana ganin makarantar tasa ce, yana da bakin magana a kan abin da ake ciyar da yara da abin da ake koya musu. Rauninsa kuwa shi ne aljihu ɗaya ake komawa kullum, aljihun mutanen da su kansu suke hannu baka hannu ƙwarya. Idan damina ta yi kyau makaranta ta ji daɗi, idan aka kori ma'aikata ta ji jiki. An kuwa kore su: daga ƙarshen 1950 zuwa ƙarshen 1951 ma'aikatan Reggiane sun mamaye masana'antar kusan shekara guda don hana sallamar dubban mutane, amma a ƙarshe aka rushe kamfanin, kuma gidaje masu yawa a birnin da ƙauyukansa suka rasa abin dogaro.

Ƙauyen bai kasance shi kaɗai ba. Wasu makarantu bakwai irin tasa sun tashi a unguwannin talakawa da ke kewaye da birnin, duk a hannun mata da iyaye. Wasu daga cikinsu sun rufe da tafiya ta yi nisa, mafi yawansu kuma sun jure kusan shekara ashirin. Ta wannan ƙauye tana cikin waɗanda suka jure.

Ƙofar da aka ƙwanƙwasa ba ta buɗe ba

Mai karatu zai iya tambaya me ya hana hukumar birni ɗaukar nauyin tun da wuri, musamman da yake magajin garin Reggio daga 1945 zuwa 1962, Cesare Campioli, ɗan jam'iyyar kwaminis ne, wato jam'iyyar da mafi yawan waɗannan mata suke goyon baya. Amsar tana cikin doka da siyasar ƙasa.

Dokar ƙananan hukumomi ta 1934, wadda aka gada daga zamanin Fasist aka kuma ci gaba da aiki da ita bayan yaƙi, ta raba kashe kuɗin hukumar birni kashi biyu: na dole da na ganin dama. Makarantar ƙananan yara tana cikin na ganin dama. Duk shawarar da majalisar birni ta yanke a kan kuɗi kuma sai ta bi ta hannun wani kwamitin lardi wanda kantoman da gwamnatin tsakiya ta naɗa yake shugabanta, kuma yana da ikon soke abin da ba na dole ba. Gwamnatin tsakiyar kuwa tun watan Mayun 1947 Firaminista Alcide De Gasperi ya fitar da 'yan kwaminis da 'yan gurguzu daga cikinta, sannan a zaɓen 18 ga Afrilu 1948 jam'iyyarsa ta Kiristoci masu ra'ayin dimokuraɗiyya ta lashe rinjayen kujerun majalisar wakilai. Ga wannan jam'iyya da Cocin da ke bayanta, tarbiyyar yaro ƙarami haƙƙin iyali ne da addini, kuma suna tsoron kada makarantun da 'yan kwaminis suke gudanarwa su raba yara da imanin iyayensu. Tsoron na gaske ne a zukatan masu shi, a zamanin da Turai ta rabu gida biyu. Sakamakonsa ga ƙauyen dai shi ne hukumar da ke son taimakawa hannunta a ɗaure yake, wadda ke da iko kuma ba ta so.

A cikin waɗannan shekaru Malaguzzi ya ajiye aikin koyarwa a makarantar gwamnati, ya je birnin Rum ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam, ya dawo ya jagoranci cibiyar da hukumar birnin Reggio ta buɗe don yaran da karatu ke ba wa wahala, yana kuma ci gaba da aiki da makarantun iyaye. Wannan ya sa aka sami mutum ɗaya mai ƙafa a cikin hukuma da ƙafa a cikin ƙauye.

1960 zuwa 1967: sauyin buƙata

Daga ƙarshen shekarun 1950 tattalin arzikin Italiya ya haɓaka da sauri. Masana'antu ƙanana da matsakaita suka yawaita a yankin Emilia, inda birnin Reggio yake, manoma suka riƙa barin noman kashi-mu-raba suna komawa birni, mata suka shiga aikin albashi, babban gida mai kaka da gwaggo ya fara watsewa. Buƙatar wurin kula da yara ta wuce ta talakan ƙauye, ta zama ta kowa.

A nan ne matan UDI suka sauya abin da suke nema. Maimakon su ci gaba da roƙon gudummawa don makarantunsu kaɗai, sai suka mai da batun ya zama na haƙƙi: suka riƙa shirya taruka, suna tattara sa hannu, suna tura wakilai wurin hukuma, suna cewa makarantar yara 'yan shekara 3 zuwa 6 aikin hukuma ce kamar ruwan sha da hanya. Renzo Bonazzi ya zama magajin gari a 1962, iskar siyasar ƙasa ma ta fara juyawa da 'yan gurguzu suka kusanci gwamnati, kuma a watan Nuwamban 1963 hukumar birnin ta buɗe makarantar ƙananan yara ta farko ta kanta, mai suna Robinson, a wani ɗan ginin katako mai aji biyu da ke ɗaukar yara 60. Ta biyu, mai suna Anna Frank, ta biyo baya a 1964.

Masu gudanar da makarantar Robinson sun san cewa idon gari yana kansu, kuma kuskure ɗaya zai ishi masu adawa hujja. Dabarar da suka yi ita ce fitar da makarantar waje. Sau ɗaya a mako sai a ɗora yara da malamai da kayan zane a bayan babbar mota, a kai su dandalin birni ko lambun shaƙatawa ko ƙarƙashin rumfar gidan wasan birnin, a shimfiɗa takardu a yi darasi a bainar jama'a. Mai wucewa ya tsaya ya ga ɗan shekara biyar yana zane yana bayanin abin da ya zana, ya yi tambaya a ba shi amsa. Bayan shekara uku gobara ta cinye ginin katakon a wani dare, cikin shekara guda kuma aka sake gina shi da bulo da siminti.

A matakin ƙasa rikicin ya yi zafin da ya kai ga faɗuwar gwamnati. A watan Janairun 1966 majalisar wakilai ta yi watsi da ƙudurin kafa makarantun ƙananan yara na gwamnati a ƙuri'ar sirri, abin da ya sa Firaminista Aldo Moro ya yi murabus. Ba a zartar da dokar ba sai ranar 18 ga Maris 1968. Kafin nan, a 1967, hukumar birnin Reggio ta fara karɓar makarantun da iyaye suka kafa, kuma makarantar wannan ƙauye ta koma hannunta a wannan shekara. Albashin malamai da kuɗin abinci da na gyara suka shiga kasafin kuɗin birni, shekara 22 bayan sayar da tankar.

Bayan 1967

Abin da aka fi jin tsoro idan hukuma ta karɓi abin da jama'a suka gina shi ne masu ginin su zama baƙi a cikinsa. A Reggio an yi ƙoƙarin toshe wannan ƙofa da rubutacciyar ƙa'ida. Kundin dokokin makarantun birnin na 1972, wanda aka daɗe ana muhawara a kansa da iyaye da malamai, ya tanadi kwamitin gudanarwa a kowace makaranta mai ɗauke da iyaye da ma'aikata da mutanen unguwa. Ya kuma tanadi malamai biyu a kowane aji, da ɗakin zane da aikin hannu mai malaminsa, da kicin a cikin makarantar, inda ake ɗaukar masu dafa abinci a matsayin ɓangare na masu tarbiyya. Loretta Giaroni, wadda ta fito daga cikin UDI, ita ce ta riƙe sashen makarantu a hukumar birnin a shekarun da aka yi wannan faɗaɗawa. A 1971 kuma birnin ya buɗe gidan rainon jarirai na farko, aka sa masa sunan mahaifiyar 'yan'uwan nan bakwai da aka harbe.

Adawa ba ta ƙare ba. A 1976 an yi kwanaki ana sukar makarantun birnin a gidan rediyon gwamnati, ana zarginsu da lalata tarbiyyar yara da ƙin addini. Martanin da aka mayar shi ne buɗe ƙofofin makarantun na tsawon watanni don tattaunawa da iyaye da limaman Coci. Daga baya sunan makarantun ya fita duniya: an baje kolin ayyukan yaran a birnin Stockholm na Swidin a 1981, sannan a watan Disamban 1991 mujallar Newsweek ta Amurka ta zaɓi ɗaya daga cikinsu, mai suna Diana, a matsayin wadda ta fi fice a duniya a fannin ilimin ƙananan yara. Malaguzzi ya rasu a watan Janairun 1994. Makarantar ƙauyen tana nan tana aiki a cikin jerin makarantun hukumar birnin.

Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Idan ana ba da wannan labari, tankar ce take cinye shi, kuma a ganina wannan rashin adalci ne ga waɗanda suka yi wahalar gaske. Kuɗin tanka ya yi amfani ɗaya mai muhimmanci, wato ya ba mutane ƙarfin gwiwar farawa, ya kuma tilasta musu zama su yanke shawarar abin da suka fi buƙata. Amma bai isa gina makarantar ba sai da aka haɗa da filin kyauta da bulon kango da gumin gayya, balle ya riƙe ta. Da a ce a nan labarin ya tsaya, da ginin ya zama rumbun ajiya kafin shekara biyar.

Abin da ya riƙe makarantar daga 1947 zuwa 1967 shi ne kasancewar tsayayyiyar ƙungiya a bayanta. Gudummawar da ake tarawa a taro ɗaya da zafin zuciya takan huce, amma UDI tana da rassa da shugabanni da taruka na ƙa'ida, kuma waɗanda suke karɓar kuɗin su ne waɗanda 'ya'yansu suke cin abincin, don haka babu tazara tsakanin mai bayarwa da mai amfana da za ta bar wurin zargi ko sakaci. Duk da haka ina ganin karo-karo bai warware matsalar ba, jinkirta ta kawai ya yi. Hujjata ita ce makarantun da suka rufe, waɗanda matansu ba su gaza na wannan ƙauye himma ba. Tsarin da ya dogara ga aljihun talaka da ƙaramin albashin malama mai haƙuri yana iya faɗuwa da mummunar shekara ɗaya, kuma tsira daga irin wannan shekara ba ƙwazo kaɗai ke kawo ta ba.

Matakin da ya fi kowanne tasiri shi ne na farkon shekarun 1960, lokacin da matan suka daina neman taimako suka koma neman haƙƙi. Sun yi hakan ne da hujjar da ba a iya musantawa, domin ba takarda suka kai wa hukuma ba, makaranta ce mai rai wadda ta yi shekaru tana aiki, mai yaran da suka wuce firamare ana ganinsu. Shekarun wahalar ba su tafi a banza ba ta wannan fuska, su ne suka zama shaidar. Kuma da yake jama'a ne suka kafa makarantar suka saba da gudanar da ita, sun shiga hannun hukuma da ƙarfin ciniki, abin da ya haifar da kwamitocin iyaye na dokar 1972. Kicin ɗin da dokar ta wajabta ma ina ganin gadon shekarun da abincin rana ya kasance rabin dalilin kawo yaro ne.

Akwai sharuɗɗa biyu da ba mutanen ƙauyen ne suka samar da su ba, kuma bai kamata a ɓoye su ba. Hukumar birnin tana tare da su a ra'ayi tun ranar farko, abin da ya hana ta doka ce da kantoma, don haka da iskar siyasa ta juya ba a sha wahalar shawo kanta ba. Sannan karɓar makarantun ta zo daidai da lokacin da arzikin yankin ya bunƙasa har kasafin birni ya iya ɗaukar albashin malamai biyu a aji ɗaya. A kudancin Italiya, inda waɗannan sharuɗɗa suka yi ƙaranci, makarantun ƙananan yara na hukumomin birane ba su yawaita haka ba, kuma yawancin garuruwan can sai da suka jira makarantun gwamnatin tsakiya da dokar 1968 ta kawo.